Ina Bayanan Suke Kwana? Nazarin Kafa Rumbun Bayanan Wata Islamiyya a Codespaces

Ƙanwata ce ke riƙe da littafin kuɗin wata na Islamiyyar unguwarmu. Babban littafi ne mai bango mai tauri, kowane aji da shafukansa, kowane ɗalibi da layinsa, an ja masa gidaje goma sha biyu na watannin shekara. Yaro ya kawo kuɗi, ta rubuta a gidan watan, ta yanka masa rasit. Tsarin yana tafiya, sai dai duk ƙarshen wata Malam shugaban makaranta yakan yi tambayar da ke cinye mata dare guda: su wane ne ba su biya ba, kuma 'ya'yan wa ne? Amsar tana cikin littafin, amma a warwatse. Uba ɗaya yana da yara huɗu a aji huɗu, an rubuta lambar wayarsa sau huɗu, wani wurin tsohuwar lamba, wani wurin sabuwa. Ga Aisha Muhammad har uku a makarantar, ba ka rarrabe su sai da sunan kaka ko na layin gidansu.

Ta riga ta ɗan fara koyon Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, don haka wata rana ta same ni da maganar. "Yaya, ina so in mayar da littafin nan cikin kwamfuta, amma ba a Excel ba. Na gwada Excel, matsalar iri ɗaya ce." Gaskiyarta kuwa. Abin da take nema shi ne rumbun bayanai mai alaƙa, ko da ba ta san sunansa ba a lokacin.

Tunanin ya girme mu duka biyun. A 1970 Edgar Codd, masanin lissafi da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai cikin jadawalai, kowane jadawali ya tsaya kan abu iri ɗaya, sannan a ɗaure su da juna da lambobi. A kan wannan Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen tambayar da ya zama SQL. Idan aka fassara tunanin da littafin ƙanwata, ma'anarsa ita ce a rubuta kowace gaskiya sau ɗaya, a wuri ɗaya. Lambar wayar uba ta zauna a jadawalin iyaye, yaransa huɗu kuma kowanne ya ɗauki lambar shaidar uban kawai. Ya canza layi, gyara ɗaya ya wadatar.

Abin da ya kai mu ga yin aikin a intanet shi ne kwamfutarta. Tsohuwa ce, gidan duka ake amfani da ita, wurin ajiyarta ya kusa cika. Sai na buɗe mata GitHub Codespaces. A taƙaice, aron kwamfuta ake ba ka a wata cibiyar sabobi (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta intanet), mai ɗauke da tsarin Linux, kana sarrafa ta daga burauza ta editan VS Code. Ba ka girka komai a taka. Kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard ma a kan wannan tsarin yake ba ɗalibansa wurin aiki. A lokacin da muka yi aikin, asusun kyauta yana samun abin da ya kai awa 60 a wata a kan ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa biyu, da wurin ajiya na gigabayit 15. Ga mai koyo da daddare, wannan ya isa. Akwai kuma wata fa'ida da mu muka fi kowa sanin darajarta: idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, na'urar tana can ba abin da ya same ta, ka dawo ka tarar da aikinka.

Kuskure na farko daga gare ni ya fito. Na nuna mata yadda ake buɗe wurin, na nuna mata allon rubuta umarni, na tafi harkokina, ban zauna na yi mata bayanin wace irin kwamfuta ce aka ara mata ba.

Ita kuwa ta nemo bidiyon koyarwa, mai bidiyon ya ce PostgreSQL ne rumbun ƙwararru, ta bi shi. Ba ƙarya ya yi ba. PostgreSQL ya samo asali ne daga aikin da Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ya ɗauki sunansa na yanzu a 1996, kuma manyan ayyuka da yawa a kansa suke tsaye. Ta girka shi da `sudo apt-get install postgresql`, ta kunna, ta ƙirƙiri jadawali, ta kwashe dare biyu tana shigar da sunayen aji biyu.

Washegari ta kira ni, muryarta a sanyaye. "Yaya, komai ya tafi." Saƙon da ke allon yana cewa an ƙi haɗi a ƙofa mai lamba 5432.

Babu abin da ya tafi a ranar. PostgreSQL manhaja ce mai zaman kanta, sai tana kunne tana sauraro a ƙofarta, wato 5432, kafin wata manhaja ta iya yi mata magana. Codespaces kuma yana kashe na'urar idan ta yi minti 30 ba a taɓa ta ba, in dai ba ka canza saitin ba. Da ta sake buɗewa na'urar ta tashi, amma PostgreSQL bai tashi tare da ita ba, domin a cikin irin wannan wurin aiki na aro, wanda ake kira kwantena, babu abin da ke tayar da shi da kansa. Na ce ta rubuta `sudo service postgresql start`. Sunayen suka dawo. Muka yi hamdala, muka rabu a nan, alhali a nan ne ya kamata in yi tambayar da ke kan wannan rubutu.

Bayan kwana uku, don ta huta da kunna shi kullum, ta karanta cewa ana iya rubuta saitin wurin aiki a fayil mai suna `devcontainer.json`. Tunani ne mai kyau. Ta rubuta, editan ya tambaye ta ko a sake gina kwantenar don saitin ya fara aiki, ta amsa da e. Wannan karon da gaske komai ya tafi, da PostgreSQL ɗin da sunayen aji huɗu.

Ga abin da ya faru. Wurin aikin kwantena ce da ake ginawa daga wani samfuri, kamar yadda ake buga bulo daga maƙera ɗaya. Kashewa da kunnawa ba ya taɓa abin da ke ciki. Sake ginawa kuwa rushewa ne, a buga sabuwa fil daga samfurin. Foldar `/workspaces`, inda kod ɗinka yake, ita ake tsallake da ita zuwa sabuwar kwantena, abin da ka girka ko ka ajiye a sauran sassan na'urar kuma ya bi tsohuwar. PostgreSQL da aka girka ta wannan hanya yana ajiye bayanansa a ƙarƙashin `/var/lib/postgresql`, wato a ɓangaren da ake rushewa. Haka aka tsara abin da gangan, domin kowa ya iya samun wurin aiki mai tsabta a duk lokacin da ya so, kuma an rubuta shi ƙarara a takardun bayanin dandalin. Ni na san da haka. Ita ba ta sani ba, kuma babu yadda za a yi mai mako biyu da farawa ta yi tsammanin maɓallin da aka ce na saiti ne zai tafi da aikinta.

Littafin takarda yana nan, saboda haka asarar ta lokaci ce kawai. Amma na ga yadda jikinta ya yi sanyi, kuma na san mutane da dama a daidai irin wannan gaɓar suke ajiye koyon, su ce abin ba nasu ba ne.

Daren nan ba mu taɓa kwamfuta ba. Na ɗauko takarda na zana mata wurare uku: kwamfutarta da ke gabanta, na'urar aro da ke nesa, da ma'ajiyar kod ɗinta a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod. Na raba na'urar aron gida biyu, ɓangaren da ke tsira da wanda ba ya tsira. Sai na riƙa kiran abubuwa ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini inda kowanne yake kwana: kod ɗinta, manhajar da ta girka, bayanan da ta shigar, kalmar sirri. Kafin mu tashi ita da kanta ta gano rami na uku da ba mu faɗa ba tukuna. "To Yaya, idan aka goge na'urar gaba ɗaya fa?" Haka ne, kuma ana gogewa: wurin aikin da aka bari a kashe ba a buɗe shi ba, bisa saitin asali, bayan kwana 30 ake share shi, har da `/workspaces` ɗin. Hutun azumi da na Sallah kaɗai ya isa ya cika waɗannan kwanakin.

Muka sake farawa da SQLite. Ra'ayina a nan ba mai sassauci ba ne: wanda bai taɓa rubuta SQL ba, kada a fara masa da rumbun da ke buƙatar saba, da asusun mai amfani, da kalmar sirri, da lambar ƙofa. Waɗannan darussa ne na gaske, amma ba su ne darasin ranar farko ba, kuma suna tare masa hanya kafin ya kai ga abin da ya zo koya. SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, rumbun gaba ɗayansa fayil ɗaya ne. Babu abin kunnawa. Python na zuwa da shi a ciki. Ba kuma abin wasan yara ba ne, yana cikin kowace wayar Android da iPhone. Muka kira namu `islamiyya.db`, muka ajiye shi cikin foldar aikin, tana ganinsa da idonta a gefen edita. Ganin nan kaɗai ya kwantar mata da hankali fiye da duk bayanina.

Jadawalai huɗu muka yi: `iyaye`, `azuzuwa`, `dalibai`, `biya`. Kowane layi yana da lambar shaidarsa da ba a maimaitawa, don haka Aisha uku suka zama lamba uku. Jadawalin ɗalibai yana ɗauke da lambar uba ko mariƙi da lambar aji. Wanda ya fi ba ta wuya shi ne na biya, domin hannunta ya saba da gidaje goma sha biyu a gaban kowane suna, ta so ta yi ginshiƙi goma sha biyu. Na tambaye ta yadda za ta rubuta yaron da ya kawo rabi yau, rabi mako mai zuwa. A littafi takan matse lamba biyu a gida ɗaya. A rumbu, kowane biya layinsa daban: wane ɗalibi, na wane wata, nawa, ranar nawa. Duk umarnin ginin muka zuba a fayil ɗaya, `tsari.sql`, ta yadda ko an rushe komai, umarni ɗaya zai sake tayar da jadawalan.

Daga nan sai ƙananan tarkuna, waɗanda kusan duk daga irin bayananmu suka fito.

Lambar waya ta sa mata nau'in lamba, tunda lamba ce. SQLite ya karɓa, ya mayar da ita adadi, sifirin farko na 080 ya faɗi. Lambar waya ba a tara ta ba a raba ta, rubutu ce. Kuɗi kuma akasin haka ya faru. SQLite yana da sassauci, ko ka ce ginshiƙi na lamba ne, idan ka ba shi rubutun da bai iya mayarwa lamba ba sai ya ajiye shi yadda yake, bai ce uffan ba. Ta rubuta 2,000 da waƙafi a wasu layuka, da aka zo tarawa sai ya lissafa kowanne a matsayin naira 2. Jimillar wata ta fito ƙasa da kuɗin da ke cikin jaka. Maganin shi ne kalmar `STRICT` a ƙarshen umarnin gina jadawali, mai sa shi ƙin karɓar abin da bai dace da nau'in ginshiƙi ba, wadda ta shigo a siga ta 3.37 a Nuwamban 2021. Sai an duba sigar da ke na'urar tukuna, idan ta girmi wannan a yi amfani da sharaɗin `CHECK`. Haka nan alaƙar da muka ɗaura tsakanin jadawalai, SQLite ba ya tilasta ta sai an ce masa `PRAGMA foreign_keys = ON`, kuma a kowane sabon haɗi sai an sake faɗa. Kafin mu sa wannan, ta yi kuskuren lamba ta rubuta biya ga ɗalibin da babu shi a makarantar, ya shige lafiya lau.

Wanda na fi so a tsaya a kai shi ne na sunaye. Ta rubuta ɗan shiri na Python da ke karɓar suna ya liƙa shi cikin jimlar SQL. Ya yi aiki a kan Fatima, ya yi a kan Usman, da aka zo kan Sa'adatu sai ya tsaya, yana cewa akwai kuskuren nahawu kusa da "adatu". A SQL, wannan alamar da muke rubuta hamza da ita ita ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Rumbun ya karanta "Sa" a matsayin sunan duka, ragowar kuma ya ɗauke ta umarni. A rajistar Islamiyya irin waɗannan sunaye ba su ƙirguwa: Mu'azu, Ya'u, Isma'ila, Asma'u, Rabi'atu. Dabarar da ta fara zuwa mata ita ce ta cire alamar daga sunayen. Na hana. Sunan yaro ba shi ne ya yi laifi ba, shirin ne ba daidai ba. Gyaran shi ne a sa alamar tambaya a gurbin sunan cikin jimlar, a miƙa sunan daban, ta yadda rumbun ba zai taɓa rikita bayani da umarni ba. Wannan ramin da Sa'adatu ta faɗa shi ne ainihin wanda masu kutse ke bi su cusa umarninsu cikin rumbunan shafukan intanet. Ɗalibin da ke gwaji da sunayen Turawa yana iya yin watanni bai ci karo da shi ba. Ita ta koye shi a makon farko, daga rajistar aji uku.

Sai haruffa masu lanƙwasa. SQLite yana ajiye ƙ, ɗ da ɓ daidai, ba ya ɓata su. Matsalar a wajen nema take. Umarnin `LIKE` yana ɗaukar babban baƙi da ƙarami abu ɗaya ne, amma ga haruffa 26 na Ingilishi kaɗai. Ka nemi "da" ka samu Dauda, ka nemi "ɗa" ba za ka samu Ɗahiru ba. Wajen jerawa ma Ɗahiru da Ƙasimu can ƙasan Zainab suke faɗawa. Ƙari a kan haka, malamai ba sa rubutu iri ɗaya, wani wayarsa na da ɗ, wani d yake bugawa. Muka ƙara ginshiƙi na biyu na nema kawai, inda Python ke mayar da sunan ƙananan baƙaƙe ya miƙe lanƙwasar ya cire hamza, sunan gaskiya kuma yana nan a rubuce yadda iyayen yaro suka raɗa masa, shi ake bugawa a rasit.

Ranar da ta rubuta tambayar Malam da SQL ina zaune a gefenta. Layi biyar ne: a ɗauko dukan ɗalibai, a haɗa su da biyan wannan watan ta `LEFT JOIN`, a bar waɗanda gefen biyansu ya fito fanko, a jingina wa kowanne sunan uba da lambarsa. Kafin ta ɗage yatsa jerin ya fito. Ta ɗauko littafin tana bi suna bayan suna don ta kama shi da kuskure. Bambanci biyu ta samu, duka biyun kuma a littafin kuskuren yake.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duk na baya nauyi. Tunda mun san na'urar aro ana iya share ta, hanya mafi sauƙi ita ce a tura `islamiyya.db` zuwa GitHub tare da kod. Ta kusa yin hakan, ma'ajiyar tata kuma a buɗe take ga kowa. A cikin fayil ɗin akwai sunayen yara ƙanana, ajinsu, lambobin iyayensu, da bayanin wanda ya kasa biya wata uku a jere. Wannan sirrin gidajen mutane ne, amana ce aka ba makaranta. Abin da ya shiga tarihin Git kuma, wato manhajar da ke adana kowane canjin da aka tura ma'ajiya, goge fayil ɗin daga baya ba ya fitar da shi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, amma ko babu doka, babu uban da zai yarda a baje talaucinsa a intanet don 'yar makaranta tana koyon kwamfuta. Muka sa sunan fayil ɗin a `.gitignore`, jerin fayilolin da ba za a tura ba, tun kafin turawar farko.

Da muka kai wa Malam maganar, bai nemi bayanin kwantena ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Yanzu sunayen yaran nan suna hannun wa?" Na ce suna kan wata na'ura da aka ara mana a wata ƙasa. Ya ce a dawo da su gida.

Haka aka yi, kuma ina ganin hukuncinsa ya fi wanda na zo da shi. Codespaces ya zama wurin gini da gwaji kawai. A can akwai `tsari.sql`, da shirin Python, da wani fayil na sunayen ƙirƙira da ta cika da hamza da lanƙwasa da gangan don su riƙa tona kuskure. A `devcontainer.json` ta rubuta abin da za a girka da umarnin da zai gina rumbun gwaji, har ta kai tana sake gina kwantenar ba tare da gabanta ya faɗi ba. Rumbun gaskiya kuma ta sauke shi, ta share kwafin da ke can. Yana kan kwamfutar ofishin makaranta, inda ba a buƙatar intanet ko saba don buɗe shi, kuma duk Alhamis bayan an tashi tana ɗaukar kwafinsa da umarnin `.backup` zuwa filashi da Malam ke ajiyewa a durowarsa. Sau ɗaya a wata tana buɗe kwafin a wata kwamfutar don ta tabbatar yana buɗuwa.

PostgreSQL bai fita daga lissafi ba. SQLite mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda, kuma fayil ne a kan na'ura ɗaya. Yanzu haka malamar sashen matan aure ta fara tambaya ko za ta iya shigar da nata biyan daga wayarta, kuma ranar da aka amince da wannan, fayil ɗaya a ofis ba zai ɗauka ba. Ƙanwata ta buɗe wani wurin aiki daban tana gwada shi da sunayen ƙirƙira, PostgreSQL a kwantenarsa ta daban, bayanansa a ma'ajin da aka ware masa. Kafin ta shigar da layi ko ɗaya ta sake gina kwantenar sau biyu don ta ga abin da zai tsira. Littafin mai bango mai tauri kuma har yanzu ana cika shi, Malam ya ce sai an yi shekara guda lissafin biyun yana dacewa kafin a ajiye shi.